Shinkafa Mai Guba a Fadamar Gauraka

Ƙarfe bakwai da kwata na safiyar Laraba, Insfekta Dije Lawal ta tsaya a bakin tafkin Fadamar Gauraka tana kallon gawarwakin tsuntsaye. Kurciyoyi da hasbiyoyi ne birjik cikin ciyawa, ƙafafu sama, baki buɗe. Can kusa da ruwa ga gauraka biyu, sun miƙe wuya a laka, tukkunsu na zinariya ya ɓaci da taɓo.

Fadamar tana bayan masana'antun Kudenda, inda ruwan kogin Kaduna ke kwanciya bayan damina. Shekara shida ke nan da aka kewaye ta da waya, aka hana farauta da kamun kifi a cikinta. Madam Abigail, shugabar wurin, ita ta kira 'yan sanda.

"Waɗannan biyun tun suna ƙwai muke kula da su," ta ce. "Su kaɗai suka rage mana."

Wani siririn mutum mai tabarau ya matso riƙe da babban littafi. Ya ce sunansa Malam Anas, shi ke ƙirga tsuntsaye safe da yamma daga kan hasumiyar katako.

"Ranki ya daɗe, ba sai an wahala ba. Masana'antar can ce. In gari ya yi shiru sukan saki ruwan dattinsu ta wancan lambatu. Duba nan." Ya buɗe littafin ya nuna da yatsa. "Jiya ƙarfe shida na yamma na ƙirga: agwagin daji ɗari biyu da goma sha biyu, gauraka biyu, kowa lafiya. Na kulle ƙofa na tafi. Da safe muka tarar da wannan."

Dije ta karɓi littafin ta miƙa wa Kofur Caleb, abokin aikinta, sannan ta taka zuwa bakin lambatun. Ta daɗe tana kallon ruwa. Ƙananan kifaye na wasa a bakin bututun. Wani zalɓe na tsaye da ƙafa ɗaya, ya cafki kwaɗo ya haɗiye, bai ko girgiza ba.

"Caleb, ruwan nan lafiyarsa ƙalau. Da guba ce a ruwa, kifi ne zai fara tasowa. Dubi waɗanda suka mutu: duk masu cin hatsi ne."

Ta durƙusa a wani fili da aka share kusa da gaurakan, ta tona ƙasa da tsinke. Ƙwayoyin shinkafa suka fito, gyararriya, an rina ta da wani abu shuɗi-shuɗi mai warin maganin ƙwari. Ta kwashe su a leda. Sai ta lura da gashin agwagwa ko'ina, amma ko gawar agwagwa ɗaya babu. Ta bi wani sawu na jan buhu har cikin kaba. A nan ta tarar da tarin kawuna da kayan ciki, ƙudaje sun rufe su. Ta ƙirga kawunan da sanda. Talatin da huɗu.

Ta yar da sandar. Wanda ya cire kai da hanji ba zubarwa zai yi ba.

"Naman nan yana cikin gari," ta ce. "Yau wani zai ci shi."

Kafin Caleb ya amsa, hayaniya ta tashi a bakin waya. Wasu leburorin fadamar sun riƙo wani dattijo da wuyan riga suna jan sa. Baba Zakariyya'u ne, mai gonar shinkafa da ke jikin shingen. Madam Abigail ta ce ya sha yin rantsuwa a gaban mutane cewa sai ya ga bayan agwagin nan.

"Ku sake shi," in ji Dije. Ta ja shi gefe. "Baba, ka faɗi haka?"

"Na faɗa, 'yar nan. Sun cinye mini kusan rabin gona. Amma kwana goma ke nan da na yi girbi. Me zan kashe su in samu yanzu?"

Ta nuna masa ledar. Ya kawo ta kusa da ido, ya taɓe baki.

"Wannan ta kanti ce. Ni da nake da shanshera, shinkafar da ba a casa ba, buhu-buhu a ɗaki, zan je in sayi gyararriya don tsuntsu? Ai ma shanshera suka fi so."

"Jiya da yamma kana ina?"

"A gona, ina tara kara. Bayan la'asar, wajen ƙarfe biyar, na ji usur ɗin Tanko. Na hango shi da koriyar rigarsa yana watsa hatsi kamar kullum, agwagi suka sauka. Ban kula ba, na tafi."

"Ka ga fuskarsa?"

"Da wannan idon? Riga na gani."

Madam Abigail ta yi bayani: Tanko shi ne mai gadi, shi ya saba wa tsuntsayen da usur da koriyar riga don baƙi su riƙa ganinsu kusa. In ba wannan rigar da wannan busar ba, agwagin daji ba sa yarda mutum ya matso. Amma jiya Tanko ya nemi izini tun da rana, yau ma bai zo ba, wayarsa kuma a kashe.

Malam Anas ya girgiza kai. "Tanko? Kai, ban so in ce komai ba. Amma kwanan nan ya canza."

Dije ta dubi agogo. Tara saura. Ta juya ta ga goshin Caleb na tsatsafo da gumi.

"Lafiya?"

"Madam, akwai wata mai abinci a bayan layin masana'antu, Lizzy. Wata guda ke nan duk Laraba tana yin farfesun agwagwa, da arha. Makon jiya ni kaina na ci. Ƙarfe goma masu aikin safe ke fitowa hutu, wurinta suke cika."

Suka ruga mota. Tirela ta tare hanya a mahaɗar Kudenda, direban yana ƙoƙarin juyawa, Dije ta sauka ta tare ɗan acaba, ta bar Caleb da motar. Lokacin da ta isa rumfar, babbar tukunya na tafasa a kan murhu, ƙamshin yaji ya cika layi, mutum uku na zaune a benci da kwanuka a hannu suna jira.

"Kar wanda ya ci! 'Yan sanda ne. Madam, sauke tukunyar nan."

Lizzy, wata kakkaurar mata da ɗaurin ƙirji bisa riga, ta riƙe ludayi ta zaro ido. "Oga Madam, me na yi? Nama mai kyau ne, ni na fige da hannuna."

"An sayar wa wani?"

"Ko ɗaya. Yanzu ya nuna."

"Wa ya kawo miki, kuma yaushe?"

"Mutumin fadama ne, mai koriyar riga. Ban san sunansa ba, kullum da hular kwano da takunkumi yake zuwa a babur. Da, biyar-shida yake kawowa. Na ce masa in zai iya ya ƙaro, sai jiya ya kawo buhu biyu."

"Ƙarfe nawa?"

"Ana shirin kiran magariba. Shida ta ɗan gota." Ta goge bakinta da bayan hannu. Ta sake gogewa. Yawu ne ke zubo mata, ƙwayar idonta ta ƙanƙance kamar kan allura.

"Kin ɗanɗana?"

"Romo kaɗan, da ƙirji ɗaya, don in ji gishi..."

Ludayin ya faɗi. Dije ta tare ta kafin kanta ya bugi murhu. Daidai nan Caleb ya iso, suka cicciɓe ta su huɗu suka sa a mota. Dije ta ba shi ledar shinkafar ta ce ya nuna wa likita, ta tsaya sai da aka ɗaure murfin tukunyar da igiya aka kai ofishin 'yan sanda.

Gidan Tanko a Nasarawa yake. Maƙwabciya ta ce yana asibitin unguwa tun jiya. A baranda Dije ta same shi, ido ja, riƙe da filas ɗin shayi.

"Tanko, jiya ƙarfe biyar kana ina?"

"Nan, ranki ya daɗe. Matata Asabe ce, haihuwa ta zo da gardama. Tun azahar ban taka waje ba. Wajen ƙarfe biyar ma jinina ake ɗiba, za a ƙara mata."

Ya naɗe hannun riga, ga auduga manne da filasta. Ma'aikaciyar jinya ta duba takarda ta tabbatar: biyar saura minti goma.

"Ina rigarka da usur?"

"A ofis, jikin ƙusa. Ba na zuwa gida da su."

"Su wa ke da makulli?"

"Ni, da Madam, da Malam Anas. Me ya faru?"

Da ta faɗa masa, sai ya ajiye filas ɗin a ƙasa a hankali, ya zauna ya dafe kai.

Ƙarfe ɗaya na rana ta koma fadamar. Ta riga ta kira ma'aikatar da Madam Abigail ta ce ta je taro jiya, an shaida mata ba a tashi ba sai shida da rabi. Ta shiga ɗan ofishin, ta sauko da koriyar rigar, ta juya aljihun. Ɗinkin ciki ya rine shuɗi. Ta sa aka kira Malam Anas, ta nuna masa kujera. Caleb, wanda ya dawo daga asibiti, ya tsaya a bakin ƙofa.

"An kama Tanko?" Anas ya tambaya.

Dije ta tura masa littafin. "Malam, karanta mini abin da ka rubuta jiya."

Ya gyara tabarau. "Ƙarfe shida na yamma. Agwagin daji ɗari biyu da goma sha biyu. Gauraka biyu."

"Da idonka ka gan su?"

"Daga kan hasumiya. Shekara biyar ban taɓa tsallake rana ba."

"Daga can ana ganin filin da ake watsa hatsi?"

"Tar kuwa."

"To. Ƙarfe biyar Baba Zakariyya'u ya ji usur, ya ga an watsa shinkafa. Likita ya ce wannan maganin ba ya ba tsuntsu rabin awa. Shida da 'yan mintoci agwagwa talatin da huɗu suna rumfar Lizzy, ba kai ba hanji. Ka faɗa mini, ƙarfe shida wace agwagwa ka ƙirga?"

Anas ya dubi agogonsa.

"Wataƙila agogona..."

"Bar agogo. In har kana kan hasumiya tsakanin biyar da shida, to a gabanka aka yanka su, aka cusa a buhu. Ba ka gani ba, ba ka ji ba, har ka kulle ƙofa. Ko dai ba ka hau ba, ko kuwa kai ne a ƙasa cikin rigar nan. Makulli uku ne. Tanko ana ɗibar jininsa, Madam tana taro. Ka rubuta wannan layin ne don a ce cikin dare abin ya faru, a ɗora wa masana'anta. Da hakan bai yi ba, ka tura mu wurin Tanko. Miƙo hannunka."

Bai miƙo ba. Caleb ya matso ya kama wuyan hannun ya ɗora a tebur. An wanke tafin tas, har ya yi fari, amma ƙarƙashin farce uku shuɗin yana nan.

Madam Abigail, da ke tsaye jikin taga, ta ce da ƙyar, "Anas. Kai da ka koya mini sunayensu?"

Nan ya karye. Ya ce da tarko ya fara, biyar-shida a mako, yana rage su a littafi kaɗan-kaɗan kamar ƙaura suka yi. Ya ce agwagi ne masu yawa, kowace shekara wasu na zuwa, bai ga wanda zai cutu ba. Da matar ta nemi ƙari, wani ya ba shi labarin maganin. Bai zaci gaurakan za su sauko ba, ya yi ta korarsu suna dawowa.

"Amma wallahi ban yi nufin mutum ba," ya ce. "An tabbatar mini in an cire kai da kayan ciki, gubar ta tafi. Na cire duka, ɗaya bayan ɗaya. Naman lafiyayye ne."

"Lizzy tana can an sa mata robar numfashi. Likita ya ce za ta tashi, don ƙirji ɗaya ta ci. Mutum sama da sittin ke cin abinci a rumfarta ƙarfe goma." Dije ta rufe littafin. "Cikin talatin da huɗun nan, guda nawa ka kai gidanka?"

Malam Anas ya dubi farcensa.

"Ina tambayarka. Ka kai wa iyalinka ko ɗaya?"

"A'a," ya ce, murya can ƙasa.

"Caleb, rubuta wannan. Sannan ka sa masa ankwa."