Kwanon Ciyayya

Washegarin gobarar da ta cinye layinsu a unguwar New Bell ta birnin Duwala, Mardiya ta fito daga cikin toka rungume da kan keken ɗinkin mahaifinta, Malam Rabe. Ƙarfen kawai ya rage, baƙi ƙirin, amma Malam Rabe ya ce a ɗauko, ita kuwa ba ta saba musa masa ba. Ruwan Duwala yana ta zuba, ba ruwansa da wanda ya rasa rufi.

Wani mai babur ɗin haya, irin wanda ake kira bensikin, ya tsaya a gabanta, kwandon kifi ɗaure a bayansa.

"'Yar'uwa, ina za a kai wannan?"

"Makarantar Islamiyya. Amma ba ni da kuɗin bensikin."

"Wa ya tambaye ki? Ɗora shi nan kan tanki, ki hau."

Ta dubi kwandon ta yamutsa fuska. "Ƙarnin kifi kake yi."

"Ke ma ai ƙaurin hayaƙi kike yi, ban ce komai ba."

Ba ta yi niyyar dariya ba, amma ta kuɓuce mata. Ita ce dariyarta ta farko tun da wutar ta tashi.

Sunansa Tahir. Da safe yake ɗauko wa mahaifiyarsa Inna Hadiza kifi daga kasuwar kifi ta Youpwé, ita tana sayar da abinci a bakin kasuwa, sauran yinin kuma yana haya da babur. Kafin su isa makarantar ya riga ya raɗa mata suna Gimbiyar Toka, ita kuma ta kira shi Sarkin Ƙarni. Ya karɓi lambarta wai ko da za a sake buƙatar ɗauko kaya.

A ajujuwan makarantar aka zube waɗanda suka rasa gidaje. Aji ɗaya, iyali uku ko huɗu, an raba tsakani da zannuwa a kan igiya. Malam Rabe, wanda manyan unguwa suke layi a shagonsa don aikin babbar riga, ga shi a kan benci na yara, ya haɗa gwiwa da haɓa. Matarsa Rahinatu tana fama da ciwon suga, maganinta ba ya shiga cikin da babu abinci. Abin da suka fito da shi bai wuce tufafin jikinsu ba, sai wani ɗan ƙullin kanwa da ya zo a gefen zanenta.

Sai ga masu taimako. Awalu, ɗan wani attajiri da ya daɗe da barin unguwar ya koma Bonapriso, unguwar masu kuɗi, ya zo da abokansa da mota cike da buhunan shinkafa. Shinkafar ba laifi. Amma aka ce sai kowa ya shiga layi a tsakar makaranta, ya rungumi buhu, ya ɗaga kai ya kalli waya, ya ce "merci", wato na gode, da ƙarfi. Wadda ta sunkuyar da kai sai a ce ta sake. A faɗi gaskiya, wannan ciniki ne. Sun ba da shinkafa, sun karɓi mutuncin mutane, kuma su ne suka ci riba. Mutumin da sai ya ga hawayenka a wayarsa kafin ya ciyar da kai, kansa yake ciyarwa.

Malam Rabe ya leƙa ta taga sau ɗaya ya dawo ya zauna.

"Daga gidana ba wanda zai fita."

Mardiya ta dubi mahaifiyarta da ke kwance tana gumi. Da Malam ya fita alwala, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska ta shiga layi. Da ta iso gaba, wanda aka sa ya miƙa mata buhu Tahir ne. An ɗauke shi hayar sauke kaya, sai Awalu ya tura shi gaba wai a ga matasan unguwa a ciki. Idonsu ya haɗu. Kafin ɗayansu ya yi magana, Awalu ya ce, "Ma belle, kyakkyawa, buɗe fuskar mana," wani kuma ya danna waya.

Kafin la'asar hoton ya zaga duk wani zauren WhatsApp na unguwar. A ƙofar masallaci wani ya nuna wa Malam Rabe, har yana cewa an yi kyau.

Malam ya shigo bai ɗaga murya ba. Ya ɗauki buhun da kansa, ya kai tsakar makaranta ya ajiye a ruwa.

"A garin nan aka haife ni," in ji shi. "Ban taɓa miƙa hannu ba. Yanzu 'yata ce a wayar kowane ɗan tasha. Na yi magana da ɗan'uwana a Garwa, akwai motar kaya da za ta tashi. Da ita za mu tafi, ba kuma dawowa. Shi kuwa yaron mai babur, kada in sake ganin ƙafarsa a nan."

"Baba, don Inna na fita."

"Na sani. Shi ya sa ban tsine wa kowa ba."

Mardiya ta koma bayan zane, ta rubuta wa Tahir:

"Ashe da kai aka shirya. Ka ji daɗi, ka fito a hoto kana ciyar da mabarata. Za mu bar muku garin."

Amsa ta zo nan take:

"Gimbiya, wallahi dako aka ɗauke ni. Da na gan ki sai da na so ƙasa ta tsage. Na je na ce masa ya cire hoton, ya ce in tsaya a matsayina na ɗan bensikin. Na mayar masa da ladan dakon. Ki zage ni yadda kike so, amma ki gaya min, Innarki ta ci abinci?"

Ta daɗe tana kallon tambayar ƙarshe. Duk masu buhunan nan babu wanda ya yi ta.

Shi ma Awalu ya samo lambarta:

"Bonsoir ma belle. Hotonki ya fi na kowa samun like. Muna da ɗaki a gidan hayarmu, in kin shirya mu fahimci juna, iyayenki za su shiga gobe."

Ta amsa: "Ka ba wa like ɗin ɗakin." Ta toshe lambar.

Washegari Tahir ya tsaya a bakin ƙofar makarantar, bai shigo ba. Ya ba wata maƙwabciyarsu leda ta kai. A ciki shinkafa da kifi ne, a cikin robar nan fara ta takeaway da ake ci a yar. Zuciyarsa ɗaya ya yi hakan, amma yaran yanzu ba wanda ya zaunar da su ya koya musu komai.

Malam Rabe ya buɗe ledar, ya dubi robar, ya rufe.

"Irin wadda ake raba wa mabarata a ƙofar masallaci ran Juma'a. Mayar masa."

Rahinatu ta juya fuskarta bango. Wannan karon haushin mahaifinta ma ya kama Mardiya, don girman kai shi ma yana kashe mutum. Amma ba ta iya faɗa masa ba, sai ta sauke a kan Tahir:

"Kai ba a gida ka tashi ba? Roba fa ka aiko. Abin da ba a mayarwa sadaka ce. Motar Garwa tana ta lodi, ni kuma ban san yadda zan yi da Inna ba, ban san yadda zan yi da kai ba."

Can ya rubuto:

"Na nuna wa Inna Hadiza saƙonki. Ta buga min ludayi a ka. Ta ce ta haifi jaki mai babur. Tana zuwa. Ni dai maganar ƙarshe ta saƙon nan nake ta karantawa, hasken idona."

Da azahar sai ga wata mace gajera mai ƙiba ta yi sallama a bakin zanen, ɗauke da kwanon samira mai fure, an rufe shi da faifai. Ta durƙusa ta gaida Malam, ta yi musu jaje, ta tambayi jikin Rahinatu kamar sun shekara da sanin juna.

"Ni ce Hadiza ta bayan masallaci. Tunda Allah Ya kawo ku kusa da mu kun zama maƙwabta, ga ɗanɗano. Amma don Allah kwanon ina so. Shi ke nan na kirki gare ni, na aurena ne. Kada ya kwana."

Ta miƙe ta tafi, ba ta tsaya jiran godiya ba.

Duk wanda ya tashi a gidan Hausawa ya san ciyayya: maƙwabci ya aiko maka da kwano, ka ci, ka wanke, ka sa abin da ya samu ka mayar. Ba mai bayarwa, ba mai karɓa, kwano ne kawai yake kai da kawo. Mayar da shi da abincinsa a ciki kuwa zagi ne, kuma Malam Rabe bai taɓa zagin maƙwabci ba.

Ya daɗe yana kallon faifan. Sannan ya ce, "Ba uwarki ta ci. Ni na ƙoshi."

Tuwon shinkafa ne da miyar kifi. Rahinatu ta ci ta sha magani. Mardiya ta wanke kwanon, sai ta tsaya da shi a hannu, don ba su da abin sawa. Rahinatu ta kwance gefen zanenta ta jefa ƙullin kanwar nan a ciki.

Inna Hadiza ta buɗe kwanon a gaban Mardiya, ta ɗaga kanwar sama. "Kai, madalla. Kamar ta san tawa ta ƙare." Mardiya kuwa tana ganin kwalbar kanwa cike a kan kantar ɗakin.

Inna Hadiza ba ta tsaya nan ba. Ta bi layukan da wuta ba ta taɓa ba, gida gida, tana yi wa mata faɗa. "Kuna zaune 'yan Bonapriso suna ɗaukar maƙwabtanku hoto? Kwanukanku sun ƙare ne?" Kowane gida ya ɗauki iyali ɗaya. Kwanuka suka fara shiga makarantar a rufe, suna fita da lemun tsami, ko gyaɗa cikin tafi, ko allura da zare. Wata da ba ta da komai ta riƙa zuwa tana yi wa 'ya'yan mai kwanon kitso. Ba a ɗauki hoton kowa ba, kuma ba wanda ya kwana da yunwa. Abin nan yana hannun mutane tun kakanni, sun ajiye shi suna jiran mota daga Bonapriso.

Malam Rabe ya fara ci, da farko loma biyu yana kallon taga, daga baya har yana cewa gishiri ya yi kaɗan. Amma bai janye maganar Garwa ba. Ya nemi allura da zare, ya yanke ƙyalle daga ƙasan babbar rigarsa guda ɗaya da ta tsira, ya koma bakin taga yana ɗinki, ba ya gaya wa kowa abin da yake yi. Tahir kuwa bai taka makarantar ba. Shi da abokansa 'yan bensikin suna ta jigilar katako da kwanon rufi zuwa layin da ya ƙone, ana gayya ana tayar da ɗakuna. Labarin ya iso kunnen Malam, har da cewa yaron ɗan Hadiza ne.

"Gimbiya, yau mun kafa ginshiƙin ɗakinku. In kun tafi ban san wa zai shiga ba."

"Ni ma ban sani ba, Sarkina. Direba ya aiko, gobe da hantsi. Ka yi min addu'a, zuciyata ta gaji."

Da hantsi Mardiya ta ɗaure 'yan komatsansu, ta wanke kwanon samira don mayarwa ta ƙarshe. Tana neman abin sawa, Malam ya ce, "Kawo nan."

Ya zaro hula daga aljihu. Fara ce, an yi mata aikin hannu da shuɗin zare, irin wanda a da sai manya suke samu a wurinsa. Ya sa ta a kwanon ya rufe da faifai.

"Kai wa Hadiza, ta ba ɗanta. Kansa ƙato ne, da ido na auna. In ta yi masa, ya turo manyansa."

"Baba, motar fa?"

"Mutum yana tafiya da kwanon mutane a hannunsa? Ai anjima za ta sake aiko shi."

Mardiya ta durƙusa ta kama ƙafarsa tana kuka. Ya ce ta tashi, kada kwanon ya yi rana.

Hular ta zauna daram. Bayan an gama rufin ɗakunan aka ɗaura aure a masallacin unguwa, ango sanye da ita. Da wani ya ɗaga waya, Malam Rabe ya gyara rigarsa mai guntun gefe ya ce, "Wannan ka ɗauka."

Girkin Mardiya na farko a ɗakinta, ta zuba a kwanon samirar da surukarta ta ba ta. Tahir ya miƙo hannu, ta buge shi.

"Ba naka ba ne. Akwai iyali ɗaya da suka rage a makaranta. Ka kai, ka ce ɗanɗano ne, kuma kwanon ina so."

"To, Gimbiya. Roba fa?"

"Ludayin Inna yana nan."

Allah Ya sa albarka a auren Tahir da Mardiya, Ya ba su zuriya mai kunya da tausayi, Ya ba duk wanda ya rasa rufi maƙwabcin da zai aiko masa da kwano a rufe.