Motar Famfo A Layin Likitoci

"Mai gyaran famfo?" Dakta Russell ya ajiye cokali, ya dubi 'yarsa ta saman tabarau. "Delaney, daga kwanar can har bakin tafki, nuna min gida ɗaya da babu likita ko lauya."

"Baba, kai ma nuna min gida ɗaya da babu sandar dogarawa."

Mama Lorraine ta toshe baki da adiko, wai tari ne ya sarƙe ta.

Gaskiya Delaney ta faɗa. Gidajen unguwar sun yi tsadar da masu sabon aure ko leƙe ba sa yi. 'Ya'yan unguwa sun watse, firamare ma bara aka rufe ta, ta koma wurin motsa jikin tsofaffi. Baba kuwa shi ne shugaban ƙungiyar masu gidaje, da hannunsa ya rubuta dokar hana motar aiki tsayawa a layin bayan ƙarfe shida. Shekara biyu ke nan Efrain, saurayin Delaney, yana barin motarsa bakin kanti ya tako a ƙasa, Baba ya amsa gaisuwarsa ta hanci.

Ƙawaye suka ce ta je kotu a ɗaura kawai. Ta ƙi. Ita so take Baba ya riƙo hannunta ranar aure. Ta sha kuka a kafaɗar Efrain, shi kuwa sai ya ce, "Bututun da ya toshe ba a yi masa gaggawa. Zan jira."

Ranar Halowin ta zo, ranar da yara ke shigar dodanni suna bin gida-gida neman alewa. Baba ya fafe kabewa, ya sa hular 'yan fashin teku, ya zauna a baranda da kwandon alewa, kowace ɗaure da buroshin haƙori. Biyar ta yi, shida ta wuce. Ko kare bai gifta ba.

"Da can har yara ɗari biyu muke ƙirgawa," ya ce a hankali, ya cire hular. Delaney ta kasa kallonsa. Ta shige kicin ta buga waya.

Ba a jima ba sai ga motar famfo, tsani a samanta, ta tsaya cak a ƙofar gida. Motoci uku na biye da ita, yayyen Efrain ne da 'ya'yansu goma sha huɗu. Ƙananan mayu da fatalwowi suka yi wa Baba caa.

Maƙwabciyarsu, Uwargida Prudence, ta tsallako titi, hanci a sama. "Rrrussell! Sashe na tara na doka!"

"Prudence, shekara nawa alewarki take rubewa a kwaba? Je ki ɗauko."

Sai ta juya, har da ɗan gudu. Nan da nan ƙofofi suka buɗe, tsofaffi na rige-rigen kira: "Nan, nan, tawa mai cakulan ce!"

Baba ya yafito Efrain, wata 'yar mayya na jan gemun Baban.

"Kai, mai famfo. Yara nawa kake so?"

"Yadda Delaney ta ce, ranka ya daɗe."

"Ka iya amsa. Ɗaki biyar ne a gidan nan, mu biyu kacal. Lorraine, kira coci gobe."

Delaney ta rungume shi, tana dariya hawaye na zuba.

Da bazara Baba ya riƙo hannunta har gaban limamin coci. Wadda ta jira yardar iyaye ba ta yi asara ba, ta samu mijin ta kuma samu uban. Unguwa kuwa, kome tsadarta, in babu hayaniyar yara kufai ce mai fenti.