Gobarar Gidan Maiwada

Ƙarfe sha ɗaya na safiyar Talata aka kira ofishin 'yan sanda na Ajingi: gobara ta tashi a Gafasa, an rasa rai ɗaya.

Kafin Sufeto Uwais ya isa, mutanen gari sun kashe wutar da bokiti, sun kuma yanke hukunci. Sun tsare Kamilu, mai injin niƙa da ke haya a shagon gaban gidan, wai injinsa ne ya ja wutar. Wadda ta rasu ita ce Gwaggo Hure, tsohuwar da ke ɗakin bayan shagon, ƙanwar mahaifin mai gidan, Alhaji Maiwada.

"Na sha yi masa magana a kan injin nan, Yallaɓai," in ji Maiwada yana share ido. "Bai ji ba."

"Wallahi yau ko tayar da shi ban yi ba," in ji Kamilu. "Bel ya tsinke tun jiya."

Sufeto mutum ne da ba ya sayen kuka, ko da araha. Ya leƙa shagon. Injin ya yi baƙi da hayaƙi, amma ga tsinkakken bel rataye a ƙusa, bai ko narke ba. Soron da ke tsakanin shago da ɗakin tsohuwar ne ya cinye ƙurmus. Ya tona tokar da takalmi, ya ɗago narkakkiyar roba ruwan ɗorawa.

"Jarkokin ruwa ne," Maiwada ya yi saurin cewa.

"Ita kuma ƙofar bayan ɗakinta, wa ya sa mata kwaɗo ta waje?"

"Ta lalace ce tun bara. Ai 'yan kashe gobara sun duba gidan nan, ina da takardata."

Sufeto ya tafi da Kamilu ofis, don ya fi masa aminci, ya wuce Gaya.

A can ya sami Malam Surajo, jami'in da ya zagaya shaguna da gidajen hayar Gafasa wata biyu da suka wuce, yana duba haɗarin gobara. Surajo ya ɗauko fayil.

"Ga shi, Yallaɓai. Soro fayau, ba komai a ciki. Ƙofar baya tana buɗewa, da hannuna na tura ta. Tukunyar kashe gobara ɗaya, cike take."

"Kun sanar da su ranar zuwanku?"

"Da sati guda. Haka muke yi, don mu sami masu wuri."

Sufeto ya bi takardun layin da gidan Maiwada yake ɗaya bayan ɗaya. Surajo mai tsantseni ne, har lambar jikin kowace tukunya yake rubutawa. Kemis, shagon ɗinki, gidan Maiwada, shagon taki: lamba ɗaya ce sak.

Surajo ya daɗe yana kallon rubutun hannunsa. "Innalillahi," kawai ya iya cewa, kuma da gaske abin ya dake shi.

Washegari Sufeto ya shiga shagon Zaituna mai ɗinki, maƙwabciyar gidan.

"Hajiya, ina tukunyarki ta kashe gobara?"

"An kai ta ɗuri."

"Ina?"

"Kano... ko Gaya ne."

"To, taho mu je mu karɓo ta. Ga mota."

Ta tsayar da keken. "Yallaɓai, ta mai kemis ce. Ranar dubawa, da jami'in ya fita daga wani shago, sai a zagayo da ita ta lungu kafin ya gama gaisawa da na gaba. Duk layin nan haka muke yi. Zumunci ne."

"Zanen aro dai ba ya rufe katara. Ban da tukunya, me kuma ya bi ta lungun a ranar?"

Hawaye suka zubo mata. "Jarkokin Alhaji. Goma sha biyu, fetur. A tsakar gidana suka yini, da la'asar aka mayar da su soro. Shi yake ba 'yan bumburutu, masu sayar da mai a bakin hanya."

Sufeto ya sami Maiwada a ƙofar gida, kan tabarma, yana karɓar gaisuwa. Ya yi wa mamaciyar addu'a kamar kowa, sannan ya ja shi gefe.

"Alhaji, ara mini makullanka."

Suka zagaya lungu. Makulli na uku ya buɗe kwaɗon, ƙofar da aka ce ta lalace ta wangale ba ko ƙara.

"Zaituna ta yi magana. Saura kai."

Maiwada ya jingina da bango. "An taɓa sace mini jarka biyu ta nan, shi ne na kulle. Jiya da safe na yi juyen fetur a soro, kaɗan ya zube. Na ce in na dawo zan zuba ƙasa. Ita kuma a bakin ƙofar soron take hura gawayinta."

"Shi ne ka miƙa mana Kamilu."

"Tsoro ne, Yallaɓai." "Ita ta goye ni da mahaifiyata ta rasu. Sau uku tana ce mini warin yana hana ta numfashi. Na ce ta yi haƙuri zuwa bayan Sallah."

Sufeto ya buga waya ya ce a saki Kamilu. Bai sa wa Maiwada ankwa ba, ya dai riƙe hannun rigarsa suka bi ta gaban tabarmar zuwa mota. Wasu baƙi daga Toranke sun sauka a lokacin, suna cire takalma, suna tambayar wa za su yi wa gaisuwa.