Tsawar Bang Dulgani

Ga ta nan tafe, ku matso kusa!
Ta iso, kunnuwanmu na nan.

A wani lungu na garin Depok, can wata ƙasa mai nisa inda ake kiran dattijuwa Bu, dattijo kuma Pak, Laras na yanka ayabar suya tana share hawaye. Mahaifiyarta, Bu Sumarni, ta dube ta.

"Ayaba kike yankawa ko albasa?"

"Mama, yau ne fa za su zo. Idan mahaifiyar Galih ta sake cewa a'a, ba zai taɓa saɓa mata ba. Ni ma ba zan so ya saɓa ba."

Galih shi ne saurayinta, kuma tun kafin azumin bara mahaifiyarsa, Bu Endang, ta hana a kawo gaisuwar neman aure. Dalilinta ɗaya ne, mahaifin Laras. Shi mahaifin nata, Pak Wiryo, ya tsufa yana fitowa a wasan talabijin na bayan magariba a matsayin Bang Dulgani, ƙaton ɗan dabar kasuwa mai zobba a yatsu, wanda idan ya ɗaga hannu ya daka tsawa sai matarsa ta cikin wasan ta zube ƙasa. Yaran da suka fara kallonsa a goye har sun yi aure. Wata tsohuwa ta taɓa kwaɗa masa lema a tashar jirgin ƙasa, shi kuwa ya ba ta haƙuri.

Ƙawayen Laras sun ce su je a ɗaura a ɓoye, ta ƙi. Duk Juma'a takan aika wa Bu Endang abinci, kwanon ya dawo ba a buɗe ba, ta wanke ta sake aikawa. Sai a wannan makon saƙo ya zo cewa matar za ta zo da ƙafarta.

Bayan la'asar suka iso. Pak Wiryo ya cire zobban wasa, ya sa hula da riga mai dogon hannu, ya takure a kujera kamar ɗalibi. Bu Endang ba ta ko dubi soyayyar ayabar ba.

"Pak Wiryo, ban zo hira ba. Ɗana ya rame, ni kuma tsoro nake ji. Yarinyar da ta tashi a gidan duka, da tsoro za ta shiga gidan ɗana, kuma jikokina a hannunku za su yi wasa."

"Bu, wasa ne kawai. Aiki ne, kamar..."

"Wanda ya shekara da shekaru yana abu, ya zauna masa a jiki. So nake ku yi mini tsawar nan. A nan, yanzu. Ga matarku nan, ita za ku yi wa."

"Mama, don Allah!" in ji Galih.

"Rufe mini baki, kai."

Laras ta ga tarko ne. Idan Baba ya ƙi, za a ce yana ɓoye hali, idan ya yi kuma, ga shaida a gaban ido. Pak Wiryo ya dubi 'yarsa, ya ga yadda take murza gefen mayafinta. Ya miƙe a hankali.

Daidai nan Bu Sumarni ta sunkuya tana zuba shayi. Fuskar mutumin ta sauya, jijiyar wuyansa ta tashi, ya ɗaga wannan ƙaton hannu bisa kanta.

"Ke! Ni za ki raina a gidana?"

Gilashin taga ya amsa. Kofi ya suɓuce daga hannun Galih ya fashe. Bu Endang da kanta ta dunƙule, ta kare kanta da hannu biyu.

Bu Sumarni kuwa ko ƙiftawa ba ta yi ba. Ta cika kofin daidai baki, ta ajiye buta.

"To sarkin 'yan daba, an ji. Tunda hannun na sama, miƙo mini gwangwanin sukari a kan kabad. Sannan ka kawo tsintsiya, kai ka jawo aka fasa mini kofi."

"To, Bu," ya ce, ya miƙo sukarin.

Ba wanda ya yi dariya, don kowa ya ga Bu Endang tana sauke hannuwanta daga kanta a tsorace. Ta ɗago ta dube su.

"Kun ga abin da jikina ya yi? Marigayi mahaifin Galih, duk unguwa ba wanda ya kai shi fara'a. Shi ke raba faɗa, shi ke gaba wajen ta'aziyya. Ya daɗe a ƙasa, amma har yau idan namiji ya ɗaga hannu, kafaɗuna ne ke fara amsawa. Ba ku nake kallo ba, Pak Wiryo. Kafaɗun matarku nake kallo."

Galih ya zame daga kujera ya durƙusa gabanta. "Mama... ban taɓa sani ba."

"Ban bari ka sani ba." Ta juya ga Laras. "Zo nan, 'yata. Kwanukan nan da nake mayarwa, ƙamshinsu na shiga hancina, taurin kai ne kawai."

Laras ta faɗa jikinta, suka yi ta kuka tare. Pak Wiryo na gefe yana share fasasshen kofi, yana jan hanci.

Bayan babbar salla aka ɗaura aure. Har yau Bu Endang ba ta fashin kallon Bang Dulgani, tana zaginsa son ranta, gobe kuma ta aika masa da tuwon shinkafa a ganyen ayaba.

Ku yara, da Laras ta bi ta ɓoye, da ta samu miji ta rasa uwar miji. Ta yi haƙuri, ta samu duka biyu. Kuma idan kuna son sanin halin mutum, kada ku tsaya ga fuskar da yake nuna wa duniya, ku dubi waɗanda ke kwana gida ɗaya da shi.

Ƙurunƙus! Nan na sauke ta, mai so ya ɗauka ya kai gida.