Ƙwayar Dalma a Wuyan Kasmirun

Da aka bugo waya caji ofis da hantsin Alhamis cewa wani mai hawan kwakwa ya faɗo ya mutu a ƙauyen Kalisegung, Sufeto Triyatno bai ko ajiye gahawarsa ba. A wannan yanki na kudancin tsibirin Jawa da wuya wata ya shuɗe ba a ji irin haka ba. Mutum zai hau bishiya talatin safe da yamma yana tatsar ruwan furen kwakwa don matarsa ta dafa mazarƙwaila, wata rana ƙafa ta zame, shi ke nan.

"Wannan ba faɗuwa kaɗai ba ce, yallaɓai," in ji Saje Bowo. "Limamin da ke masa wanka ya ga huji a wuyansa. Kuma mutanen gari sun kama ƙaninsa suna jibga."

Sun tarar da ƙanin, Darsun, ɗaure a jikin bishiyar mangwaro a ƙofar gidan dagaci, idonsa ɗaya ya rufe don kumburi. An jingina wata tsohuwar bindigar iska kusa da shi, duk ta yi laka. Kowa na son ya ba da shaida, kowa kuma ya fi kowa sani.

Labarin dai ɗaya ne. Shekara biyu Darsun ba ya magana da yayansa Kasmirun saboda rabon bishiyoyin da ubansu ya bari. Ya taɓa cewa a gaban jama'a Allah ya sa Kasmirun ya faɗo wata rana. Darsun kaɗai ke da bindiga a ƙauyen, yana harbin kuregen da ke ɓarnar kwakwa. Kuma da safen nan wata mata ta gan shi yana cusa bindigar a cikin lambatu kafin ya ruga yana ihun yayansa ya faɗo.

Wata tsohuwa ta ratso taron, ƙarama, a duƙe. Mbok Tarwen ce, mahaifiyarsu; Mbok kuwa shi ne Inna a bakin mutanen Jawa. Ba ta yi kuka ba. Ta tsaya gaban Darsun ta dube shi sama da ƙasa.

"Mbok, wallahi..."

"Kada ka ƙara kirana Mbok. Ɗa ɗaya na haifa, ga shi can a kwance. Sufeto, ka tafi da wannan, kada ƙafarsa ta taka maƙabarta."

Triyatno ya ga mutane da dama an sa musu ankwa, amma bai taɓa ganin wanda ya miƙo hannu da sauri irin Darsun ba. Abin ya tsaya masa a rai.

Likita ya ciro ƙwayar dalma daga ƙasan kunnen mamacin kafin la'asar, ya ba da gawa aka binne. Ya ce harbin ne ya sa shi sakin bishiyar, faɗuwar ta karya masa baya, kuma bai cika nan take ba. Ya yi kusan awa guda a ƙasa da ransa.

Sufeto ya juya ƙwayar a tafin hannunsa. Ya yi shekaru yana harbin bindigar iska kafin aiki ya cinye masa Lahadi, don haka nauyinta kaɗai ya ishe shi. Wannan ba irin ta shagon ƙauye ba ce da ake sayarwa a leda.

Ranar Juma'a da safe ya sa aka fito da Darsun bayan ofis.

"Ka ce a gida kake lokacin da ya faɗo."

"A gida nake."

"Da bindiga a kafaɗa, a gida?"

Darsun ya kau da kai.

"Ƙarya ba ta yi maka kyau, Darsun. Me ya kai bindigarka lambatu?"

"Tsoro, yallaɓai," in ji Darsun. "Na fito neman kurege, na tarar da yayana, Kang Kasmirun, a ƙasa, jikinsa da sauran ɗumi. Na ga jini a wuyansa, na dubi abin da ke hannuna, na tuna maganar da bakina ya taɓa yi. Wa zai yarda da ni?"

Sufeto ya wanke bindigar, ya yi mata famfo sau takwas. Tun kafin ya ɗaga ta yake jin iska na tsiyaya, domin fatar da ke toshe ta ta mutu, man kwakwa kawai Darsun ke ɗiga mata. Ya auna wata ɗanyar kwakwa daga taku goma ya harba. Ƙwayar ta maƙale a ɓawo, rabinta a waje.

Saje Bowo ya tuntsire da dariya. "Kai, da wannan kake kashe kurege? Ai sai dai ya mutu don dariya."

"Sai na harbe shi sau biyu, wani lokaci sau uku," in ji Darsun, kansa a ƙasa.

Shugaban caji ofis bai ga abin dariya ba, bai kuma ga dalilin wahala ba. Ga gaba, ga shaida, ga bindiga a lambatu, ya ce Litinin za a miƙa fayil kotu. Triyatno ya san idan fayil ɗin nan ya fita da sunan Darsun, mutumin zai tsufa a kurkuku da sunan wanda ya kashe ɗan'uwansa.

Bayan sallar Juma'a Sufeto da Saje Bowo suka je gonar kwakwar da Kasmirun ya faɗo. Bishiyar ta kai tsayin bene mai hawa biyar, goran tara ruwan fure na nan rataye a samanta, ƙudaje sun baibaye shi. Sufeto bai tsaya a gindinta ba. Ya tsallake lambatu, yana tafiya da baya yana kallon saman bishiyar, har ya shiga wani kurmin ayaba mai tazarar taku sittin.

Nan ya ga ramuka uku a laka, inda aka kafa ƙafafun majinginar bindiga. Gefe ga kurege biyu tururuwa na ci, an yanke musu wutsiya tsaf. Can gaba ga na uku, shi da wutsiyarsa.

"Mutumin ƙauye ba ya barin nama a ƙasa," in ji Sufeto. "'Yan ƙungiyar harbi ne ke yanke wutsiya don su je su yi wa juna fankama. Ya yanke biyu, kafin ya kai ga na uku wani abu ya kore shi."

"To gwani ne ke nan," in ji Saje Bowo.

"Dubi inda ya same su. Ciki, ciki, cinya. Gwani a kai yake samu." Ya zaro wuƙa ya ƙwaƙulo wata ƙwaya daga jikin bishiya, ga irinta nan har biyar da suka kuskure. Ya shinshina ta. "An wanke ta da sabulu, an shafa mata kakin zuma. Masu shiga gasa ke wannan wahalar. Kayan gwani ne, Bowo, amma harbin ba na mai gani ba ne."

Suka kama hanyar gari. Ƙungiyar harbi ɗaya ce a duk gundumar, kuma Sufeto ma tsohon ɗanta ne.

Ranar Asabar 'yan ƙungiyar na atisaye a filinsu da ke bayan wata masana'antar bulo, saboda washegari akwai babbar gasa. Mutum shida ne a kan teburan harbi, kowa da bindiga mai tulun iska da madubin saiti, kuɗin kowacce ya sayi babur.

A tebur na ƙarshe Pak Wiryawan yake, wato Malam Wiryawan, tsohon hedimasta, shugaban ƙungiyar, wanda ya yi shekara goma sha biyu ba a karɓe kofi daga hannunsa ba. Shi ya koya wa Triyatno riƙe numfashi kafin jan kunama, shi ya koya masa canza zoben robar da ke riƙe iskar bindiga, har abinci ya sha ci a gidansa.

"A'a, Tri! Yau an tuna da mu? Ko tumbin ne ya hana ka kwanciya a tebur?"

"Aiki ne, Pak. An harbi mutum a Kalisegung."

"Na ji, na ji. Innalillahi. Ƙaninsa ko? Irin waɗannan su ke ɓata mana suna. Mutum bai san inda ƙwaya za ta sauka ba ya ɗauki bindiga."

Sufeto ya bi teburan ɗaya bayan ɗaya, yana tambayar kowa inda yake ranar Alhamis da sassafe, yana sa shi ya sauke iska ya buɗe bindiga ya leƙa bututun. Duka biyar sun yi duhu-duhu da dalma, kamar yadda ya kamata.

Duk wanda ya taɓa shiga gasa ya san ba a goge bututu ana saura kwana kaɗan. Dalmar da ta kwanta a ciki ita ke daidaita tafiyar ƙwaya, idan ka goge sai ka ɓarar da ƙwaya gwangwani guda kafin bindiga ta dawo hayyacinta. Pak Wiryawan ya taɓa korar mutum daga tawaga a kan wannan.

Sufeto ya ɗaga bindigar tsohon ya leƙa. Bututun na ƙyalli kamar sabon cokali.

Ya sauke ta a hankali. Ya so ƙwarai a ce idonsa ne ya yi masa ƙarya.

"Yaushe ka goge ta, Pak?"

"Watan jiya."

"Watan jiya, kuma ko ƙwaya ashirin ba ta bi ta ciki ba?"

"To... ruwa ne ya taɓa ta. Na ji tsoron tsatsa."

"Sati biyu ba a yi ruwa ba. Ina kake ranar Alhamis bayan asuba?"

"A gida. Tri, ni kake yi wa tambayoyin ɓarayin kaji?"

Sufeto ya nuna allon da ke taku talatin, inda takardar saitin tsohon take manne, hujin sun watse ko'ina. "Karanta min lambar da ke saman takardarka, Pak. Ba da madubi ba."

Pak Wiryawan ya dubi allon. Ya ƙanƙance ido. Sauran 'yan ƙungiyar duk sun daina harbi, kowannensu na ganin lambar ɓaro-ɓaro, ba wanda ya iya ɗaga kai.

"Bowo, kawo durom ɗin ruwan can," in ji Sufeto. "Za mu harba ƙwaya ɗaya a ciki mu kai ta ɗakin gwaji. Pak, ka fi ni sanin gogewa dalma take cirewa, ba ta taɓa zanen da ke cikin bututu. Zanen da zai fito a jikin wannan, shi ne a jikin wadda aka ciro daga wuyan Kasmirun."

"Bar durom ɗin," in ji tsohon. Ya zauna a benci.

"Yanar ido ce ta rufe min idon dama, shekara guda ke nan. Ko matata ban gaya wa ba. Da sun sani da sun cire ni daga tawaga, su riƙa kawo min kujera ina kallo. Sai na ce bari in je inda ba wanda ya san ni in gwada kaina kafin gasa." Ya dubi bindigar da ke kan tebur. "Na ga ganye ya motsa a sama, na ga wani abu mai duhu. Ban tabbatar ba. Shekara talatin ina gaya wa yara kada su ja kunama sai sun ga ido da kunnen abin da za su harba. Na ja."

"Daga nan?"

"Na ji faɗuwarsa."

"Ka je wurinsa?"

Tsohon ya gyaɗa kai.

"Na je. Idonsa biyu. Ya ce, Pak, don Allah kira min matata, tana can tana hura wuta. Na ce to, ga ni nan zuwa." Tsohon ya dubi hannayensa. "Na hau babur na dawo gida. Na kulle ɗaki, na yi ta jan ƙyalle a bututu har azahar. Ni kaina ban san me nake gogewa ba."

"Da ka ji an kama ƙaninsa fa?"

"Na ji sanyi a raina, Tri. Allah ya gani, sanyi na ji."

Tausayin da Triyatno ya zo da shi ya ƙare a nan. Harbin kuskure ne, ana yi. Amma awa guda mutum na kwance yana jiran matar da ba a kira ba, asibiti kuma tafiyar minti ashirin ce. Ya karɓi ankwa daga hannun Saje, ya sa wa malaminsa da kansa.

A caji ofis, ana shiga da Pak Wiryawan ana fito da Darsun, suka yi kiciɓis a ƙofar sel. Tsohon ya buɗe baki zai yi magana, Darsun ya matsa gefe ya ba shi hanya, bai ma san ko wane ne ba. Saje Bowo ya ja tsohon ciki ya datse ƙofa.

Sufeto ya zaunar da Darsun ya gaya masa komai, bai ɓoye masa maganar awa gudan ba. Darsun ya saurara, hawaye na bin idon da ya kumbura.

"Ina bayan gonar fa, yallaɓai. Da ya ɗaga murya da na ji."

"Ba laifinka ba ne. Sa hannu a nan, ka tafi gida."

Ya sa hannu. Ya kai bakin ƙofa, ya tsaya yana kallon titi, ya ƙi fita.

"Me kuma?"

"Yallaɓai, ka taimaka ka zo ka gaya wa Mbok da bakinka, da kakinka a jiki. Idan ni na faɗa ba za ta yarda ba. Kuma ina so wani ya nuna min inda aka binne yayana."

Sufeto ya ɗauki hularsa da makullin mota. A hanya Darsun ya tambaye shi sau uku ko yana ganin za ta buɗe ƙofa, shi kuwa ya ci gaba da tuƙi zuwa Kalisegung.