Gicciyen Da Ke Bayan Waya

"Kadi! Ajiye filayar nan!"

Ko waiwayawa ban yi ba. Na ƙara danne wayar shingen da iya ƙarfina, ta ce ƙas, ta yi tsalle ta kusa tsone min ido.

"Leocadia Mastel, wai kanki ɗaya kuwa? Shingen makabarta fa kike yankawa, da rana tsaka!"

"To da can a ɓoye kake so in zo, kamar ɓarauniya?"

Pius Weigel ne, shugaban kwamitin makabartar cocinmu. Ya diro daga a-kori-kurarsa yana ɗingisa ƙafar da tarakta ta taɓa takewa, ya zo ya tsaya a kaina yana haki.

Shekara arba'in da ɗoriya rabon da mu tsaya kusa haka. Ni na binne mijina, shi ya binne matarsa. Gashinsa ya yi fari fat, amma idanun suna nan yadda na bar su, kuma sai da zuciyata ta buga. Na ji haushinta ƙwarai.

"Me shingen ya yi miki?"

Na nuna masa da filayar. "Ga abin da ya yi min."

Can bayan waya, cikin ciyawar da ba mai yankewa, gicciyen ƙarfe ne guda ɗaya ya karkace kamar mashayi. Kabarin kakata ne, Ottilia. Ita da mijinta Wendelin suka baro ƙauyensu na kusa da birnin Odessa, suka keto teku, suka zo nan Dakota ta Arewa suka gina ɗaki da ƙasa da ciyawa kamar sauran Jamusawanmu. Ita ta tsince duwatsun gonar da nake shuka alkama a cikinta yau. Ta mutu mahaifiyata tana 'yar tatsitsiya, aka binne ta a waje.

Kowa ya san su wa ake kaiwa bayan waya. Jariran da suka zo babu rai, ba su samu baftisma ba, su ko alama ba a sa musu. Sai wanda ya kashe kansa. Ottilia babbar mace ce mai baftisma, saboda haka mutane suka yi lissafinsu suka gama. Kaka Wendelin kuwa har ya mutu bai buɗe baki a kan maganar ba.

Da wannan tabon mahaifiyata ta shiga kabari. Da shi kuma uwar Pius ta kore ni. Ina tsaye a ƙofar kicin ɗinta da rigar zuwa coci ta ce, "Abin a jini yake. Ɗana ba zai auri jikar ta bayan waya ba."

Shi kuwa gogan ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa.

"Me ya tayar da maganar yanzu?" ya tambaya a hankali.

"Je ka tambayi mai kawo maka kuchen."

Bernadine Volk nake nufi, shugabar matan coci, wadda tun da matarsa ta rasu ba ta bar tandarta ta huce ba wajen gasa masa kuchen, kek ɗinmu na Jamusawa. Coci zai cika shekara ɗari, ita aka ba haɗa littafin tarihin iyalai: wa ya zo daga wane ƙauye, a wane jirgi, ya kama wace gona. Na kai mata hoton Ottilia guda ɗaya da muke da shi, na naɗe shi a tawul. Ta turo min shi da yatsa biyu.

"Kadi, na tsallake ta ne don in rufa muku asiri."

Na gaya wa Pius haka. Na ce, "A aji shida aka cire ni daga makaranta don tatsar shanu, ban iya rubuta ƙorafi da manyan kalmomi ba. Filaya na iya. Ko ku shigo da kakata ciki, ko in fitar da ku duka waje!"

Sai ya yi dariya. Wallahi dariya ya yi!

"Barkono... har yanzu ba ki huce ba."

Ba wanda ya ƙara kirana da sunan nan tun ina budurwa.

"Kada ka ƙara."

"Na ji. Amma ki ba ni dama mu bi sawun kakar taki, ni da ke. Gicciyen nan kakana Anselm ne ya ƙera shi, dubi yadda ya murɗe bakin ƙarfen kamar kan alkama. Ba ya yi wa kowa haka."

Haka muka fara yawo cikin a-kori-kurarsa. Muka je kufan gidan Ottilia, inda ba abin da ya rage sai rami da tulin duwatsu. Muka bi tsofaffin da suka rage ɗaya bayan ɗaya. Kowa ka tambaya sai ya ce, "Ai ba a maganar waɗannan abubuwan." Wata ta tuna an ce Ottilia tana da murya, ita ke ja waƙa a jana'iza. Wani ya ce takan ɗauki buhun alkama a kafaɗa kamar namiji. Ina jin haka sai in juya fuska wajen taga. Pius kuwa sai ya miƙo min gahawa daga fulas ɗinsa, ya riga ya zuba sukari daidai yadda nake so.

"Wa ya gaya maka har yanzu haka nake sha?"

"Ba wanda ya gaya min. Ban manta ba ne."

"Tsohon banza. Kalli hanya."

Gari kuwa ya ɗauka. Bernadine ta buga wa 'yar Pius, Charlene, waya a birnin Bismarck, ta ce gonar ubanta nake hari. Charlene ta zo har gidana da takalmi mai tsini, ta tsaya a tsakar gida kaji suna zagaye ta.

"Inna Kadi, ina girmama ki. Amma Baba ba yaro ba ne, kuma mutane suna magana."

"Ni ma ba yarinya ba ce. Gona kuwa ina da tawa, ta fi ta ubanki ƙarancin duwatsu. Matsa, kina kan tiyon ruwa."

Daga nan Bernadine ta sa aka kira taron kwamiti, wai a kai ni wurin 'yan sanda saboda shinge.

Ana gobe taron, da safe, Pius ya zo da shebur biyu.

"Ba mu samo komai ba, Kadi. Amma ko me za su yanke gobe, ba zan bar aikin kakana a karkace ba. Zo mu miƙar da shi."

Muka fara tona gindin gicciyen. Ƙasar ta yi tauri, muna yi muna hutawa, yana tsokanata wai na fi shi haki. Can sai shebur ɗinsa ya ce ƙwal.

"Dutse ne," na ce.

"Dutse ba ya wannan ƙarar."

Ya durƙusa da ƙyar, ya shiga share ƙasar da hannu. Sai ga wani gicciye ɗan ƙarami, bai fi tafin hannuna biyu ba, an ɗaure shi da ƙusoshi a jikin babban, can ƙasa inda ido ba zai taɓa gani ba. Wani siririn ƙarfe ya fito daga babban ya zagaye shi, kamar hannu.

Pius ya zauna daɓas a ƙasa.

"Pius, mene ne? Yi magana mana!"

"Ina yaro... ina hura wa Kaka Anselm wuta a maƙera. Wata rana ya ce min, sau ɗaya ya taɓa ƙera gicciye guda na mutum biyu. Mace ce ta mutu wurin haihuwa, yaron ya zo babu rai. Fadan coci na wancan lokacin ya ce uwar ciki, yaron waje. Mijin ya ce ta cika tana rungume da shi, kuma ba a haifi wanda zai ɓamɓare hannunta ba. In yaron waje zai kwana, uwarsa ma waje." Ya nuna min ɗan gicciyen. "An hana sa wa irin yaran nan alama, shi ya sa ya ɓoye ƙaramin a ƙasa. Bai faɗi suna ba, Kadi. Ni kuma ban tambaya ba. Na rantse ban san ita ce ba..."

Na durƙusa na taɓa ɗan gicciyen. Sanyi ƙalau.

Ashe ba kanta ta kashe ba.

Ɗanta ta raka.

Na yi kukan da ban yi ba ranar da na binne mahaifiyata. Na zagi tsohon Fadan da ƙashinsa ya riga ya zama ƙasa. Na zagi mutanenmu da ba sa iya furta kalmar haihuwa a gaban yara, amma suna iya raɗa cewa mace ta rataye kanta. Na zagi Kaka Wendelin da ya yi abin kirki irin wannan, sannan kunyar ya yi wa Fada gardama ta rufe masa baki har abada. Da na gama zagin, sai na ce, "Na gode, Kaka. Na gode da ba ka raba su ba."

Pius ya riƙe hannuna, duk ƙasa.

"Ranar nan a kicin, da na ɗago kaina..."

"Ai ba ka ɗago ba."

"Ban ɗago ba. Kullum sai na tuna."

"To gobe sai mu gani ko wuyan ya warke."

Washegari ba a zauren coci aka yi taron ba. Pius ya ce kowa ya biyo shi makabarta, har da Fadanmu na yanzu, wani saurayi mai sauƙin kai. Ya nuna musu ramin, ya faɗi abin da kakansa ya faɗa.

"Uwata ta zalunci Kadi, ni kuma na tsaya ina kallon takalmina. Yau zan matsar da shingen. Wanda bai yarda ba ya nemi wani shugaban."

Wani ya ce, "To a tono ta a dawo da ita ciki mana, ya fi sauƙi."

"A'a!" na ce. "Ba mai taɓa ta. Inda take nan ta zaɓa. Shingen ne zai tashi."

Kowa ya juya yana kallon Bernadine. Na gyara tsayuwa, na tanadi maganganun da zan yaɓa mata.

Ba ta kalle ni ba. Wani ɗan wuri da ƙasa ta lotsa take kallo cikin ciyawa, can gaba da kabarin Ottilia.

"In za a matsar..." ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa, "a kai shi har bayan wancan icen."

"Me ke can?" in ji Fada.

"Ɗana na fari. Ina kwance aka kawo shi, ba a ko nuna min shi ba. Na sa masa suna Florian, a raina. Ban taɓa gaya wa kowa ba."

Sai wata tsohuwa ta ce ita ma ƙanwarta tana can. Sai wani ya cire hularsa ya ce tagwayen mahaifiyarsa.

Duk maganganun da na tanada suka bi iska. Na taka na je na tsaya kusa da ita.

"Kuchen ɗinki ya cika sukari," na ce mata. "Amma zo ki nuna min wurin, mu share masa ciyawa."

A ranar aka tumɓuke turakun. Pius ya ja sabuwar waya da taraktarsa, maza suna bin sa da guduma, Fada ya bi layin yana yayyafa ruwa mai tsarki da rigarsa duk ƙaya. Charlene ta cire takalmin nan mai tsini ta riƙe min ƙarshen wayar.

"Inna Kadi, ki yafe min."

"Ja da kyau, kina sakin ta."

Da aka watse, ya rage ni da shi a gaban gicciyen, wanda yanzu ya miƙe sak. Mun bar ƙaramin a buɗe, mun zagaye shi da duwatsun gonar Ottilia.

"Barkono..."

"Na ce kada ka ƙara."

"Zan ƙara. Kullum ma, in kin yarda. Ki aure ni, sanyin idona. Na makara, na sani."

"Ka makara ƙwarai. Haƙoranka nawa suka rage?"

"Sun isa cin abincinki."

"Kuma a gidana za mu zauna. Ba zan shiga kicin ɗin nan ba."

"Ko a rumbu kika ce."

Na kalle shi. Wannan karon kansa a ɗage yake.

"To," na ce.

Bayan girbin alkama aka ɗaura. Muka yi rawar polka, shi da ƙafarsa ni da gwiwata, mutane suna tafi suna jiran wanda zai fara faɗuwa. Bernadine ce ta yi kuchen ɗin biki, ta kuma rage sukarin. Littafinta ya fito da hoton Ottilia a shafinmu, a ƙasansa an rubuta sunanta, da ƙauyen da ta fito, da kalma biyu: da ɗanta.

Har yanzu ina jin haushin mahaifiyata ba ta ga wannan rana ba, kuma ba na jin zan daina. Amma duk Lahadi bayan coci ni da Pius muna bi ta ƙofar makabarta, kamar kowa, mu je mu gaishe su. Filayar tana nan a cikin jakata. Ya ce in bar ta a gida.

Na ce masa ya kalli hanya.