Bencin Gaba a Kalabi

"Hular waye wannan a kan benci?"

Fifame ta ɗago ido a yangace. "Ta Sedjro ce. Ni ya kama wa wuri, 'yar Gana. Ki gwada can baya."

Na rungume littattafaina na wuce baya.

Watana biyu da zuwa jami'ar Kalabi daga garinmu Kumasi, cikin ɗaliban musaya na zango ɗaya. Mun kusa dubu a ɗakin lacca, malami yana shifta da Faransanci kamar ana korarsa, kafin in gama layi ɗaya ya cinye shafi. Wanda bai yi sammako ya ajiye hular kwanonsa ta hawan babur a bencin gaba ba, sai dai ya kalli motsin bakin malami daga nesa. Saurayina Sedjro ne ke kama min wuri, kullum da yamma kuma ya kawo min kwafin darasi.

Yau ga hularsa a gefen wata!

Ana tashi na tare shi wajen mai suyar doya.

"Serwaa, zuciyata, tsaya ki ji..."

"In ji me? Da ma mamanka ta ce 'yar Gana baƙuwa ce, gobe za ta ɗau jakarta. Ka samu 'yar gida ke nan?"

"Ɗauko kwafin da nake ba ki. Rubutun waye?"

"Naka mana!"

"Ni da ko ni kaina da kyar nake karanta rubutuna? Littafin Fifame ne, duk ajin ba mai kama shifta kamarta. Yanzu ta ce ba ta ƙara bayarwa sai in riƙa kama mata wuri har jarrabawa. Don ke na yarda."

Mai hankali da ta sauko. Ni kuwa sai wutar ta ƙaru. Ashe wata biyu rubutun wannan mai ido a tsakar ka nake sawa ƙarƙashin filo, har da shafawa!

A gabansa na yayyaga takardun.

"Serwaa! Saura sati uku jarrabawa!"

"Gara in faɗi da in ci da hannunta."

Na koma bencin ƙarshe, ina rubuta rabi ina kallon ƙeyarsu rabi. In ta karkato ta yi masa raɗa, ranar ko abinci ba na iya ci. Ina sonsa, kuma kwanakina a garin sai ƙarewa suke.

Ranar da aka manna sakamako, Fifame ce ta karanto nawa da ƙarfi.

"Tara cikin ashirin! Ayya, ko goman ba ki kai ba. Sai ki gaida mana Kumasi."

Hawaye suka zubo min. A sanina faɗuwa faɗuwa ce, sai komawa gida.

Sai na ji Sedjro yana dariya a bayana.

"Dariya ma kake min?"

"Ƙaunata, a nan wanda bai kai goma ba ana sake masa jarrabawa. Sai bayan wata guda."

"To sai me?"

"To ba inda za ki. Je ki mayar da tikitin motar Kumasi da kika saya, Mama na jiran mu ranar Lahadi."

Fifame ta juya ta yi tafiyarta.

Na share ido. "Da rubutun wa zan yi karatu?"

"Nawa. Ki yi haƙuri da shi."